Tukunya ɗaya, lissafi biyu: abin da mai binciken lampo yake nema

A ƙaramar hukumar Bader Gula, cikin gundumar Dakoro, jihar Maraɗi, galibin sana'o'in mata cikin gida ake yin su. Mai fura, mai tuwon sayarwa, mai dafa wa baƙi abinci ran kasuwa, duk daga rumbu ɗaya suke ɗibar hatsin iyali da na ciniki. Muddin sana'a tana ƙarama, wannan bai zama laifi ba. Amma ranar da ta bunƙasa har ma'aikatan lampo suka nemi lissafi, tambayar farko ita ce: nawa gida ya ci, nawa ciniki ya ci?

Wannan matsala ba ta Nijar kaɗai ba ce. A Amurka akwai mata masu renon 'ya'yan ma'aikata a gidajensu, ana biyansu. Doka ta ba su damar cire kuɗin abincin yaran daga abin da suka samu kafin a yanka masu haraji. To, yaya za a bambanta madarar ɗan reno da ta ɗan gida, tunda sayayya ɗaya aka yi? Domin rage gardama lokacin bincike, a shekarar 2003 hukumar harajin ƙasar, wato IRS, ta amince da ƙayyadajjen farashi ga kowane ci. Ana iya lissafa wa yaro karin kumallo, da abincin rana, da na dare, da ɗan abin taɓawa sau 3 a yini. 'Ya'yan mai renon ba su cikin lissafi. Sai dai sauƙin yana da sharaɗi: dole ta rubuta sunan kowane yaro, da ranar zuwansa, da awoyin da ya yi, da abin da ya ci. In babu littafi, mai bincike yana iya soke abin da ta cire.

A Nijar tsari daban ne. Ƙaramin ɗan kasuwa yana biyan lampo a dunƙule, gwargwadon girman cinikinsa, ba tare da an cire masa kuɗin itace ko na mai ba. Wanda ya yi ƙarfi kuwa, a kan riba babbar hukumar lampo ta ƙasa, DGI, take cajinsa, kuma ba a karɓar wani kashin kuɗi sai da takardar shaida, sai kuma ya shafi sana'ar kanta. Cefanen gida ba ya shiga. Haka nan mai son kwangilar kai buhunan gero ko wake ga makaranta ko wata ƙungiya, za a nemi lambarsa ta NIF da takardar saye da sayarwa.

Dokokin OHADA, waɗanda Nijar ta sa wa hannu tun yarjejeniyar Port-Louis ta 1993, sun tanadi hanya mai sauƙi. Gyaran da aka yi a 2010 ya ƙirƙiro matsayi na musamman domin mai ƙaramar sana'a: cikin abin da ake so gare shi akwai littafi, inda kullum zai rubuta shigar kuɗi da fitarsu, ya ajiye shi shekara 5 aƙalla.

Ashe ke nan kariyar ba ta da tsada: littafin 'yan makaranta da biro. Tiyar geron da aka ɗiba domin ciniki a rubuta ta daban, tikitin kasuwa da ƙaramar hukuma ke bayarwa a adana shi. Wadda ba ta yi boko ba ta sa ɗanta ya rubuta, ko a yi da ajami. Lissafin baka yana tafiya da iska, ran da mai bincike ya zo kuwa takarda ce ke magana. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane.