Masana'antun Kano da Masu Sayar da Matsayi a Google

Fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Challawa kan tsallaka teku zuwa Italiya da Sifaniya, a mayar da su takalma da jakunkuna. Shekara da shekaru wannan ciniki kan sanayya ya dogara, wani ya haɗa wani, dillali ya tsaya tsakani. Yanzu kuwa sabon mai saye kan fara da rubuta abin da yake nema a Google, kuma da wuya ya wuce shafin farko na abin da ya fito masa. Haka ɗan kasuwar Yamai ko Njamena mai neman robobin Sharada ko kayan masana'antun Bompai. Shi ya sa kamfani bai daɗe da buɗe shafin intanet ba sai saƙonni su fara shigowa ta imel: biya kaza, mu saka adireshinka a ɗaruruwan shafuka, ka hau sama.

Hajar da suke tallatawa ita ce mahaɗi, wato rubutun nan da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum wani. Darajarsa ta samo asali ne daga dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kanta a 1998, mai suna PageRank. Tana ɗaukar kowane mahaɗi a matsayin shaida: in shafuka masu mutunci suna nuni gare ka, akwai abin da ka taka. Baƙon da ya zo Kantin Kwari neman kaya bashi ba a duba babbar rigarsa, tambaya ake yi wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Mai sayen mahaɗi hayar masu shaida ya ɗauko, mutanen da ko ƙofar masana'antarsa ba su taɓa gani ba.

Dokokin Google sun hana wannan a fili. Talla ba laifi ba ne, amma mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa dole a sa masa alamar da ke cewa kada a lissafa shi cikin shaidu. Tun 2005 akwai irin wannan alama, aka ƙara wata ta musamman don talla a 2019. Masu turo saƙon nan kuwa abin da suke sayarwa shi ne mahaɗi marar alama.

A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda babban kantin Amurka J.C. Penney yake zuwa na ɗaya a binciken riguna, shimfiɗun gado da kayan ɗaki, saboda dubban mahaɗai da aka dasa masa a shafukan da ba ruwansu da kayansa. Google ya ɗauki mataki, kantin ya faɗo daga na ɗaya zuwa can bayan na sittin a wasu bincike. Kamfanin ya ce bai san an yi ba, ya sallami waɗanda ya ba kwangilar. Amma shi ya sha hukuncin, ba su ba. Wannan ne ya kamata mai masana'anta ya riƙe, tunda yawanci wani yaro mai ilimin kwamfuta ake danƙa wa shafin, ba a tambayarsa ta ina yake bi. Haka ma a 2013 Interflora, mai sayar da furanni a Ingila, ya ɓace daga Google na ɗan lokaci ko da sunansa aka bincika.

Salon hukuncin ya sauya. Bayan gyaran tsarin bincike mai suna Penguin na Afrilun 2012, sai a Disamban 2022 Google ya sanar cewa tsarinsa na SpamBrain zai riƙa gano mahaɗan saye yana soke tasirinsu. A ganina wannan ya fi cutar da ƙaramin kamfani, domin ba abin da zai faɗakar da shi. Za a kawo masa takarda mai jerin shafuka ɗari biyar, ya biya, ya zauna jiran masu saye. Mutumin da ke ƙona dizal saboda ƙarancin wuta, yana kallon masana'antun makwabta da aka garƙame, bai kamata kuɗinsa su tafi haka ba.

Mahaɗin da ke aiki daga hulɗar gaske yake fitowa: ambato daga ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ko cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA mai shirya baje kolin Kano, rahoton jarida kan abin da kamfani ke sarrafawa, ko abokin ciniki da ya rubuta daga inda yake samun kaya. Kafin nan ma shafin kansa ya faɗi adireshi, nau'in kaya, awo da yawan da za a iya samarwa, da Turanci da Faransanci saboda makwabtanmu.

Ga majemun Challawa akwai ƙarin magana. Manyan masu sayen fata na Turai suna tambayar yadda ake tace ruwan jima kafin a sake shi, kuma ƙungiyar Leather Working Group tana wallafa sunayen majemun da suka tsallake bincikenta a shafinta. Shiga wannan jeri sai an gyara magudanar ruwa da yadda ake amfani da sinadarai, kuma can ne mai neman fata da gaske yake leƙawa.