Ba a Mayar da Aikin 'Yan VIO Hannun Road Safety Ba

Tun da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci a watan Oktoban 2024, wata magana ta kama tashoshin mota ta ƙi saki: wai kotu ta soke 'yan VIO a duk Najeriya, aikinsu ya koma hannun 'yan Road Safety. Direbobi na faɗi, kwandastoci na ƙarawa, har an kai ga wasu suna zagin ma'aikata a bakin titi da sunan sun san doka.

Abin da Mai shari'a Evelyn Maha ta yanke shi ne, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Birnin Tarayya, wato VIO, ba ta da dokar da ta ba ta ikon tare mota, ko ƙwace ta, ko cin direba tara. Ba ta rushe hukumar ba, ba ta kuma miƙa aikinta ga kowa ba. Kotu ba ta raba wa hukumomi aiki, sai dai ta duba ko doka ta ba su. Kuma hukumar Abuja ce aka kai ƙara. KAROTA a Kano dokar majalisar jiha ce ta kafa ta, haka ma takwarorinta a wasu jihohi. Wanda ya ɗauko hukuncin Abuja ya je yana wa ɗan KAROTA gadara da shi a Ƙofar Ruwa, kansa ya cuta.

Ita Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Road Safety, wadda aka kafa a 1988, ikonta na rubuce a dokarta ta 2007, kuma ba ya ƙaruwa don wata hukuma ta sha kaye a kotu. In ana son ganin yadda iko ke sauya hannu da gaske, a dubi jirgin ƙasa. Shekara da shekaru gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansa. Sai da aka gyara kundin tsarin mulki, majalisun jihohi suka amince, Shugaba Buhari ya sa hannu a watan Maris na 2023, sannan jihohi suka sami damar shiga. Jita-jitar tasha ba ta yin wannan aiki.

Su ma hukumomin da laifinsu wajen yaɗuwar wannan magana, don ba sa fitowa su yi wa jama'a bayani.

Ɗan'uwa direba, lasisinka da takardun mota da inshora su kasance suna aiki. In an tare ka, ka tsaya. Ka tambayi ma'aikacin hukumarsa da laifin da ake tuhumarka, cikin mutunci. Ka nemi takardar tara, ka biya inda aka tanada, ka riƙe rasidi. Kada ka miƙa kuɗi a hannu, don na goro ne ke sa a sake tare ka gobe. In kana ganin an zalunce ka, ka kai wa shugabannin ƙungiyarku a tasha, ko ka nemi lauya ya kai maganar kotu.