Madarumfa: Yadda mai son rage ƙiba zai fara motsa jiki a tsakar gidansa

Da sanyin safiya a bakin tafkin Madarumfa, masunci na tuƙa kwale-kwale yana jan koma, mai lambu na ban-ruwa, yara na kora dabbobi zuwa mashaya. Babu ɗayansu da ke kiran abin da yake yi motsa jiki, amma kafin hantsi kowa ya haɗa gumin da wani a birni sai ya biya kuɗi yake samu.

Da an shigo cikin gari kuwa sai labari ya sha bamban. Mai shago na wuni a kan benci, ma'aikaci a kujerar ofis, ɗan kabu-kabu a kan babur. Injin niƙa ya ɗauke wa mata da yawa daka. Da dare matasa su hallara a fada, a ɗora shayi, a zauna har dare ya raba, ido na kan waya.

Sauƙi ne ya samu, kuma ba mai fatan a koma wahalar da. Sai dai aikin da na'ura ta ɗauke wa jiki ba a maye gurbinsa da komai ba, ga shi cin abinci bai ragu ba. Wanda ya wayi gari wandonsa ya matse shi, ko likita ya ce masa jininsa ya hau, tambayarsa ɗaya ce: ta ina zan fara?

Inda ƙiba ke nufin samu

Madarumfa na kudu da birnin Maraɗi da tazarar kilomita 20 da 'yan kai, kusa da iyakar jihar Katsina ta Najeriya. An san garin da tafkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara. A labaran lafiya kuwa, sunan gundumar ya fi fitowa a kan tamowa. Jihar Maraɗi na cikin wuraren da yunwar 2005 ta fi yi wa illa, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa a gundumar.

A irin wannan wuri, maganar rage ƙiba tana da nauyin faɗa. Wanda ya rame, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko lafiya. Wanda ya ajiye tumbi, sai a ce ya samu. Amaryar da ta shekara ba ta yi jiki ba, sai a fara raɗe-raɗin ko miji ba ya cika mata kwano. Wannan matsin lamba ne ke kai wasu mata ga ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Wasu daga cikin ƙwayoyin na tara ruwa a jiki, su tayar da sukarin jini da hawan jini, kuma wadda ta daɗe tana shan irinsu bai kamata ta bari lokaci guda ba sai da shawarar likita.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba, sannan kashi 31 cikin 100 na manya ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Hukumar ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi na ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: tamowa da ƙiba, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Abin da ke biyo bayan ƙiba shi ne ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. Ciwon sukari da hawan jini ba sa tafiya da allura ɗaya. Magani ne na kullum, daga aljihun iyali, shekara da shekaru.

A fara da awo

Kafin a ɗaura takalmi, a je cibiyar lafiya mafi kusa a auna jini da sukari. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, kuma awon da ya kai 140/90 ko ya wuce, idan ya maimaitu, yana buƙatar kulawar likita. Mai ciwon zuciya, mai shan maganin sukari, mai juna biyu da wadda ta haihu kwanan nan, duk su nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna.

Akwai kuma awon da ba ya cin ko dala. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita kusa da cibiya. Idan bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, domin ana so kewayen ciki ya gaza rabin tsawon mutum. Kitsen ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya. A rubuta awon da tef ɗin tela, a sake dubawa bayan wata guda.

Kada a fara da atisayen 'yan kokowa

Jihar Maraɗi gidan kokowa ce. Yakubu Ango Kantu, wanda filin kokowa na birnin ke ɗauke da sunansa, shi ne ya lashe takobin farko a gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975. Don haka da matashi ya ce zai motsa jiki, abin da ke zuwa masa a rai shi ne gudu cikin rairayi da ɗaga buhu.

Nan ne akasari ake yin kuskuren farko. Mutumin da ya shekara biyar yana zaune ya tashi rana ɗaya ya yi gudun awa guda, gobe ya kasa ruku'u, jibi ya ce abin ba nasa ba ne. Gwiwar da ke ɗauke da kilo 100 tana buƙatar lokaci kafin ta saba da gudu da tsalle.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga babba, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Can ake son a kai, sannu a hankali. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ya fi babu.

A makon farko, tafiya ta minti 10 bayan sallar Asuba ta isa, kwana biyar a mako. Ana iya yin ta a zagayen tsakar gida, ko a tsaye wuri ɗaya ana ɗaga ƙafa kamar mai fareti. Wannan ya dace da matan da ba su cika fita ba, da kuma mazauna ƙauyukan bakin iyaka inda matsalar 'yan bindiga ta sa fita da duhu ya zama kasada. Kowane mako a ƙara minti 5. A mako na biyar an kai minti 30, wato 150 a mako.

Yadda za a gane sauri ya yi daidai: numfashi ya ƙaru, amma ana iya magana. Idan magana ta gagara, a sassauta.

Sau biyu a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani, a ƙara waɗannan bayan an ɗumama jiki da tafiya:

Tashi-zauna: a zauna a kujera mai ƙwari, a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, a koma a hankali.

Tura bango: a dafa bango da tafin hannu biyu, a kai ƙirji kusa da shi, a turo jiki baya.

Ɗaga gora: gorar ruwa mai lita 1.5 nauyinta kilo ɗaya da rabi ne. A riƙe ɗaya a kowane hannu, a ɗaga zuwa kafaɗa, sannan sama.

Ɗaga ƙugu: a kwanta rigingine a tabarma, a tanƙwara gwiwa, a ɗaga ƙugu sama, a sauke.

Ɗage: a dafa bango, a tsaya a kan yatsun ƙafa, a sauke dunduniya.

Kowanne a yi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita. Kada a riƙe numfashi yayin yunƙuri, musamman mai hawan jini. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, alama ce ta a tsaya nan take a nufi asibiti.

Amfanin waɗannan ga mai rage ƙiba babba ne. Duk wanda ya rage abinci kawai, tsokarsa na zubewa tare da kitse. Atisayen ƙarfi ne ke taimaka wa jiki ya riƙe tsokar.

Kwano da kofin shayi

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo masu yawa. Tafiyar sauri ta rabin awa na ƙona kusan kalori 150, kwatankwacin abin da ke cikin gwangwanin lemo ɗaya. Cokalin mai babba ɗaya ya kai kalori 120. Wanda ya yi tafiyar safe, ya dawo ya sha shayi zagaye uku da sukari har yana danƙo, ya mayar da abin da ya ƙona.

Ba sai an sayi abincin kanti ba. Kifin tafki, wake, awara, ƙwai, nono, kwaɗon zogale da kayan lambu duk suna kasuwa. Abin da ake so shi ne a rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a rage mai da soye-soye, a dama fura da sukari kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Ragin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne wanda masana suka fi aminta da shi. Ba lallai sai an rame ba kafin a ga amfani. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da 'yan kai.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok kuwa, da yawansa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ya fita, kitse na nan. Haka ma naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi don a yi gumi.

Bazara, hunturu da azumi

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki. Lokacin motsa jiki shi ne sassafe ko bayan faɗuwar rana, da ruwan sha a kusa. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, mai asma ya yi nasa a cikin ɗaki. A watan azumi, a rage ƙarfi, a mayar da atisaye bayan buɗa-baki idan abinci ya faɗa.

'Yan Madarumfa da ke ci-rani a Legas, Abidjan, Aljeriya ko Faransa, wannan tsarin na shiga ko a ɗakin haya mai gado ɗaya, tunda bango da kujera da gora kawai yake nema. Mai son taimaka wa iyaye a gida kuma, ya haɗa da na'urar awon jini da takalmi mai laushi a saƙo na gaba, ya riƙa tambayar awon idan an yi waya.

Abin da zai fi wahala shi ne bakin mutane. Magidancin da aka gani yana tura bango za a yi masa dariya, matar da ta ragu za a tambaye ta ko miji ya yi mata laifi. Shi ya sa yin abin da abokin tafiya ya fi ɗorewa: miji da mata, maƙwabta biyu, ko 'yan fada su zagaya unguwa na minti 20 kafin a hura gawayin shayi. Ranar da aka tsallake, gobe a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma bayan wata guda a sake ɗauko igiyar nan a gwada.