Dukiyar Attajiran Shark Tank Da Lions' Den: Nawa Ne A Hannu, Nawa Ne A Takarda?

Duk mai yawan shiga TikTok ko YouTube ya san guntayen bidiyon nan da ake yaɗawa: attajirai huɗu ko biyar zaune kan kujeru, matashi ya shigo da kayan sana'arsa yana zuba bayani, ko dai ya fita da miliyoyi ko ya fita da ƙwalla. Ana gama kallo tambayar da ke biyo baya guda ce: wai su waɗannan mutane nawa suka mallaka? Sai a garzaya Google, a ga an rubuta wane yana da dala miliyan 400, wance tana da miliyan 100, a ɗauko a watsa a guruf kamar an leƙa asusunsu na banki.

Yau bari mu warware wannan lissafi, don ya shafe mu ta hanyar da ba kowa ke lura ba, musamman mu matasan Wurno da Rabah da Goronyo da ke neman wanda zai ba mu jari.

Daga ina shirin ya samo asali?

A Japan aka fara shi a 2001 a tashar Nippon TV, da sunan da ke nufin damisoshin kuɗi. BBC ta ɗauko shi a 2005 ta sa masa Dragons' Den. Amurka ta yi nata a 2009 a tashar ABC, shi ne Shark Tank. Indiya ma ta fara nata a ƙarshen 2021. A Najeriya an yi Dragons' Den a 2008, cikin masu zama kan kujera har da Ibukun Awosika, wadda daga baya ta shugabanci hukumar daraktocin First Bank. A 2021 kamfanin Ultima, waɗanda suka taɓa shirya Who Wants To Be A Millionaire, suka dawo da shi da sunan Lions' Den, wato kogon zakoki.

Tsarin ɗaya ne ko'ina. Mai sana'a zai ce ina son kuɗi kaza, zan ba da kashi kaza na kamfanina. Attajirin da abin ya kwanta masa zai zuba kuɗin aljihunsa ya zama abokin tarayya. Idan an ci riba a raba, idan an faɗi a faɗi tare. Ka ga ya yi kama da yadda ubangida ke ba yaronsa jari a kasuwa, sai dai nan akwai kyamara da lauyoyi.

Su wa ke kan kujerun, kuma a ina suka samu kuɗin?

Cikin mutum shida da aka fi sani a Shark Tank, Mark Cuban, wanda ya bar shirin a 2025, shi ne babban giwa. A 1999 shi da abokin kasuwancinsa suka sayar wa Yahoo kamfaninsu Broadcast.com a kan dala biliyan 5.7 na hannun jari. A 2000 ya sayi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas Mavericks a kan dala miliyan 285, ya sayar da kaso mafi tsoka a ƙarshen 2023 lokacin da aka yi wa ƙungiyar kuɗi kusan biliyan 3.5. Mujallar Forbes na ƙiyasta dukiyarsa sama da dala biliyan 5.

Barbara Corcoran ta fara dillancin gidaje a New York a 1973 da rancen dala 1,000, ta sayar da kamfanin a 2001 a kan miliyan 66. Daymond John da huluna ya fara a gidan mahaifiyarsa, har uwar ta jinginar da gidan don ya samu jari, kamfanin tufafinsa FUBU kuwa mawaƙan hip hop ne suka ɗaga shi da suka riƙa sa kayan a bidiyon waƙoƙinsu. Kevin O'Leary, mai baƙar maganar nan, kamfanin manhajojin karatu ya gina, Mattel ta saye shi a 1999 a kan sama da dala biliyan 3.

A namu Lions' Den kuwa akwai Kyari Bukar, wanda ya yi digirinsa na farko a ABU Zariya, ya yi aiki da HP a Amurka, ya dawo ya shugabanci CSCS, kamfanin da ke adana bayanan hannayen jari na kasuwar hada-hadar Najeriya. Akwai Adenike Ogunlesi mai kamfanin tufafin yara Ruff 'n' Tumble, wadda ta fara da sayar da kaya a bayan motarta. Akwai Bolaji Balogun na Chapel Hill Denham, da Paul Onwuanibe na Landmark, da Dan Ngerem.

Abin lura a nan: kowannensu da kuɗinsa ya zo. Shirin ya ƙara musu suna, amma dukiyar a wani wuri aka tara ta, shekaru da yawa kafin a kunna kyamara.

To lambar nan da ake rubutawa, me take nufi?

Mu sauko gida. A ce akwai wani dillalin albasa a Goronyo, ya tara buhu 400 a rumbu daga fadamun da ke shan ruwan madatsar Goronyo. A ce lokacin da kaya suka cika kasuwa buhu naira 20,000 ne. Dukiyarsa miliyan 8 ke nan. Watanni suka tafi, albasa ta yi wuya, a ce buhu ya kai 100,000. Yanzu a baki yana da miliyan 40. Ko buhu ɗaya bai sayar ba, aljihunsa bai ƙaru da sisi ba, amma mai lissafi zai ce arzikinsa ya ninka sau biyar.

Sai a buɗe rumbu a tarar kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe. A cire bashin taki da na man injin ban-ruwa da ya raba wa manoma da kuɗin wani. A cire kuɗin tirela zuwa Mile 12 a Legas. In kuma ya ce yau-yau zai juye buhunan duka a kasuwa ɗaya, shi da kansa zai karya farashin. Miliyan 40 ɗin nan ta koma nawa?

Haka ake lissafin dukiyar attajiran talabijin. Ana tara kimar hannayen jarinsu da gidaje da filaye, a cire bashi, abin da ya rage a ce shi ne arzikinsu. Ɗan kasuwar da ke fitar da zakka ya san irin wannan lissafi: kuɗin hannu, da kimar hajar da ke shago, da bashin da yake bin mutane. Bambancin shi ne shi ya san abin da ke rumbunsa, mai shafin intanet kuwa daga nesa yake hange.

Shi ya sa lambar ke tsalle. A 2024 Forbes ta ce Aliko Dangote na da ƙasa da dala biliyan 14, a 2025 ta ce ya haura biliyan 23. Ba buhunan kuɗi aka sauke masa a gida ba, matatar mansa ta Lekki ce aka shigar cikin lissafi da sabuwar kima. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta wuce 1,500 a 2024, duk mai hannun jari a naira ya ga arzikinsa na dala ya zube alhali masana'antarsa na nan tana aiki. Kamfanin simintin BUA da ke Kalambaina bai matsa ko taku ɗaya ba, amma kimarsa a dala tana bin farashin canji.

Wani lokaci ma abin ya wuce takarda. Paul Onwuanibe na Lions' Den yana da wurin shaƙatawa na bakin teku a Legas, Landmark Beach. A watan Afrilun 2024 aka rushe wani sashe nasa saboda aikin titin Legas zuwa Kalaba. Shi ma Kevin O'Leary ya faɗa da bakinsa a tashar CNBC cewa kamfanin kuɗin kirifto FTX ya biya shi wajen dala miliyan 15 don ya yi masa talla, kuma abin da ya zuba a ciki ya tafi da kamfanin ya durƙushe a 2022.

Sannan Forbes da Bloomberg masu biliyoyi suka fi bibiya, suna duba hannayen jarin da kowa ke iya ganin farashinsu a kasuwa. Lambobin da ake liƙa wa sauran, irin su O'Leary miliyan 400, Daymond miliyan 350, Lori Greiner miliyan 150, yawanci daga shafukan tsegumin taurari suke fitowa, wannan ya kwafi wancan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kuɗin da aka sayar da kamfani a ce na mutum ɗaya ne. Biliyoyin da Mattel ta biya na masu hannun jari ne gaba ɗaya, O'Leary kasonsa kawai ya ɗauka.

Irin wannan cutar ce ke damun jerin "jaruman Kannywood goma da suka fi kuɗi" da kuke gani kullum. Wa ya ƙirga? Motar da aka ɗauki hoto da ita ta wace ce? Nawa ake bin furodusa bashin kyamara da kuɗin otal? Babu mai faɗa maka.

Musabahar talabijin ba ita ce kuɗi a hannu ba

A 2016 Forbes ta bi diddigin waɗanda suka ƙulla ciniki a zango bakwai na farko na Shark Tank. Cikin 319 ta samu zantawa da 237. Kashi 43 cikin ɗari suka ce cinikin bai tabbata ba bayan an kashe kyamara, kashi 30 suka ce an sauya sharuɗɗan. Dalili kuwa bayan shirin ne ake zama da akantoci a binciki littattafan kamfani, a ga ko abin da aka faɗa gaskiya ne.

Su ma attajiran ba kullum suke cin riba ba. Mark Cuban ya faɗa a wata hira a 2022 cewa ya zuba wajen dala miliyan 20 a kamfanonin shirin, kuma in tsabar kuɗin da ya dawo masa za a duba, bai fanshe ba a lokacin. Akwai kuma inda suka yi hasarar dama. A 2013 Jamie Siminoff ya kawo ƙararrawar ƙofa mai kyamara, yana neman dala 700,000 a kan kashi 10, ya fita ba ciniki. A 2018 Amazon ta sayi kamfanin nasa, Ring, a kan kusan dala biliyan 1. Wadda ta dace ita ce Lori Greiner, da ta sa dala 200,000 a soson wanke-wanke Scrub Daddy a 2012 ta karɓi kashi 20, soson ya zama ɗaya daga cikin hajojin da suka fi kasuwa a tarihin shirin.

Ina ruwanmu da wannan a gabashin Sakkwato?

Na farko, ka iya lissafin kason da kake bayarwa. A ce kana da sana'ar busar da tafarnuwa a Wurno kana niƙawa kana ƙullawa a leda. Ka je wurin wani Alhaji ka ce ya ba ka naira miliyan 2 ya ɗauki kashi 20. Ko ka sani ko ba ka sani ba, ka ce masa sana'arka ta kai miliyan 10. In ribarka ta shekara 500,000 ce, rabonsa 100,000 ne, sai ya yi shekara 20 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Zai ce a'a, kai kuma ka tafi kana cewa mai kuɗi marowaci ne. Yawan dukiyarsa bai shiga wannan lissafi ba ko kaɗan. Ko biliyan yake da ita, abin da zai duba shi ne me miliyan biyunsa za ta haifa.

Na biyu, ka duba abin da mutum zai kawo ban da kuɗi. Tsofaffin 'yan fim sun san wannan. Zamanin kaset da CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su ne zakokin Kannywood, kuma ƙarfinsu ya fi yawa a hanyar da suke da ita ta kai fim ko'ina, daga Sakkwato har Maraɗi. Haka dillalin da ke da mai saye a Onitsha da motar da za ta kai kaya zai fi wa manomin albasa na Rabah amfani a kan attajirin da zai miƙo kuɗi ya juya baya.

Na uku, a rubuta. Littafin shiga da fita, rajistar CAC, da takardar yarjejeniya mai shaidu da ta fayyace kason kowa da abin da za a yi in an faɗi. Zumunci da yawa ya lalace a kan jarin da aka bayar da fatar baki.

Na huɗu, 'yan damfara da waɗannan lambobi suke farauta. Za ka ga hoton wani attajiri a Facebook ko WhatsApp, an rubuta biliyoyinsa a sama, a ƙasa an ce yana raba tallafi, turo 5,000 kuɗin fom. Mai zuba jari na gaskiya tambayoyi yake yi har ka gaji, ba ya karɓar kuɗin rajista a asusun wani. Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba matasan Afirka jarin dala 5,000 tun 2015 kyauta ake cike fom ɗinta a shafinta.

Na ƙarshe ya fi sauran nauyi. A Amurka in an ƙara wa mutum miliyoyi a intanet dariya zai yi. A yankinmu da masu garkuwa da mutane ke da masu kai musu rahoto, rubuta cewa wane ɗan kasuwa ko wane mawaƙi na garinmu ya mallaki miliyan kaza na iya jawo masa abin da kai mai rubutun ba za ka iya biya ba. Mai buhu 400 a rumbu wataƙila ko dubu ɗari babu a gidansa, amma wanda ya zo da bindiga lambar da ya ji zai nema. Don Allah mu kiyaye abin da muke turawa.

Ku ci gaba da kallon shirin, akwai darasi sosai a ciki, musamman tambayoyin da suke yi: nawa ka sayar bara, nawa kake kashewa a kan kowane ɗaya, wa ke binka bashi. Duk wanda ya iya amsa waɗannan ukun ba tare da in'ina ba ya fi ƙarfin a raina shi a gaban kowane mai kuɗi.

Ku faɗa mana a ƙasa: in da za a kawo irin wannan shiri da Hausa, wace sana'a za ku shiga da ita, kuma kashi nawa za ku yarda ku saki? Sai mun ji daga gare ku.