Me ya sa taron haziƙai ke kasa aiki?

A ƙarshen shekarun 1960, wani abu ya ɗaure wa kwalejin horar da manajoji da ke Henley a Ingila kai. Manajojin da ke zuwa kwas akan raba su rukuni-rukuni, a danƙa wa kowane rukuni kamfanin wasa ya juya, a ga mai fin riba. Sai wasu su yi fice, wasu su watse, alhali kowa a cikinsu gogagge ne a wurin aikinsa. Dakta Meredith Belbin, masanin halayyar ɗan Adam daga Cambridge, shi da abokan aikinsa suka shafe kusan shekara tara suna bin diddigin lamarin. Sukan gwada basirar kowa da halinsa, sannan su zaunar da masu sa ido suna rubuta wanda ya kawo shawara, da wanda ya soke ta, da wanda ya ja bakinsa ya yi gum.

Daga cikin abin da suka jarraba har da tara waɗanda suka fi kowa maki a rukuni guda, aka raɗa masa suna Apollo, albarkacin kumbon Amurka mai zuwa duniyar wata. An zaci za su share fage. Ina! Sau da yawa can ƙasa suke ƙarewa. Lokacinsu a gardama yake tafiya, kowa na laluben kuskure a maganar ɗan'uwansa, kuma ba mai son ya sunkuya ya yi ɗan ƙaramin aikin da ciniki ke tafiya da shi. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

A littafin da ya fitar a 1981, Belbin ya ce rawa takwas ce mutane ke takawa idan an haɗu aiki, daga baya ya ƙara ta tara. Daga cikinsu akwai mai ƙirƙiro dabara, da mai fita waje ya ƙulla hulɗa, da mai auna shawara da sanyin kai, da mai azama da ba ya barin a yi barci. Akwai mai sasanta tsakani. Akwai kuma mai bin aiki har a ɗaure bakinsa, wanda ba a cika tunawa da shi ranar yabo ba, amma ranar da ba ya nan takarda kan fita da kuskure. Kowa akwai inda ransa ya fi karkata, ko da kuwa zai iya sauran, kuma kowace baiwa da jelarta. Mai dabara yakan manta ƙananan abubuwa, mai azama yakan taka mutane. Idan masu azama suka yi yawa a ofis ɗaya, faɗa ake yi. Idan masu sasantawa ne zalla, za a sha raha, amma ba mai yanke hukunci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne siffar shugaban rukunan da suka yi nasara. Galibi ba shi ne ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa ba. Mutum ne mai natsuwa, mai yarda da jama'arsa, wanda ya san wa zai tura ina, ya kuma san lokacin da zai ce magana ta isa haka. To amma ma'aikatu ba irinsa suka fi ɗagawa ba. Wanda ya fi kowa sayar da kaya shi ake naɗawa shugaban masu sayarwa, a raba shi da kasuwar da yake so, a ɗora masa zaman taro da sauraron koke. Tun 1969 Laurence Peter ya yi wa wannan ɗabi'a shaguɓe, cewa akan yi ta ƙara wa mutum girma har ya kai kujerar da ba zai iya ba. Shi kuma sabon shugaban sai ya shiga ɗauko masu hali irin nasa, domin da su ya fi jin daɗin magana.

Ba kowa ne ya sallama wa Belbin ba. A 1993 Adrian Furnham da abokansa sun soki takardar tambayoyin da ake gano rawar mutum da ita, suka ce awonta bai tsaya daram ba. Suna da hujja, domin mutum ne ke ba da labarin kansa, kuma kowa yakan yi wa kansa kwalliya. Belbin ya amsa cewa bai yi ta don auna hali ba, kuma tsarin da ya fitar daga baya ya haɗa da jin ta bakin abokan aikin mutum kafin a ce ga rawar da ta dace da shi.