Jirgi Mai Nutso

Yaran Talata Mafara da Bakura da Maradun suna nesa da teku, amma sun san ruwan Bakolori, madatsar da aka gama a 1978 bisa Gulbin Sakkwato. Sun kuma san goran masunta ba ya nitsewa, domin iska ce cikinsa.

Haka jirgi mai nutso yake. In zai nitse cikin teku, sai a cika tankunansa da ruwa. In zai taso, sai a tura iska ta kori ruwan.

Yara suna iya yanka siffarsa da takarda, su manna bisa shuɗin kwali, su zana kifaye kewaye da shi. Nutso kuwa da kwalba ake gwadawa, cikin bokiti, ba a gulbi ba.