Baƙin man da ake tuttulawa a kwata, haidurojin ne a cikinsa

Ranar da ka kai babur ɗinka juye, ka taɓa lura da inda bakanike ya kai tsohon baƙin man? Wani ya tara a jarka ya sayar wa masu shafa wa katako saboda gara, wani kuwa kwata kawai zai tuttula shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juyen mota ɗaya tal zai iya gurɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya.

To, wannan baƙin ruwan cike yake da haidurojin, iskar da motoci irin Toyota Mirai ke tafiya da ita, ruwa kaɗai ke fita ta salansa. Shi man inji kabon ne da haidurojin a ɗaure da juna. Aikin shi ne a raba aurensu.

A 2011 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna wata hanya. Sun gauraya tsohon man da garin kabon, suka gasa shi da zafin maikurowef a rufaffen mazubi da babu iskar oksijin. Don haka bai kama da wuta ba, sai ya farfashe, kusan kashi 90 cikin 100 ya koma makamashi: mai ruwa-ruwa da gas, har da haidurojin. Akwai kuma hanyar tururi mai zafin da ya haura digiri 700, amma farar wutar da ke cikin man tana kashe sinadarin nikel da ke hanzarta aikin. Sai an tace tukuna, kuma tacewar kuɗi ce.

Saboda haka in ka ci karo da bidiyon wani a TikTok da durom da tiyo a bayan gida, wai ya haɗa haidurojin, don Allah kar ka kwaikwaya. Kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ta kama, harshen wutarta ma da ƙyar ake ganinsa da rana. Ga hayaƙin tsohon mai da ke ɗauke da dalma.

Ni a ganina, rabonka a wannan harka yana wajen tarawa. Duk masana'antar da za ta sarrafa man, wanda ba a gauraya da ruwa ko fetur ba take so. Garejin unguwarku lita nawa yake zubarwa a sati? Je ka tambayi oga.